Ginshiƙi, saman tablo ko gurbin rediyo: ina ya dace a kafa ƙarin agogon awo a motar gazuwal?

Daga Maraɗi zuwa Agadas, daga Yamai zuwa Damagaram, motar da ta fi shan wahala a hanyoyinmu ita ce mai buɗaɗɗen baya mai shan gazuwal, musamman Hilux da Land Cruiser na kamfanin Toyota. Ita ke ɗaukar buhunan gero da albasa, ita ke kai ma'aikatan lafiya ƙauye, ita ce kuma ke kutsawa cikin rairayi inda kwalta ta ƙare. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, injin waɗannan motoci yana aiki ne a bakin iyakar ƙarfinsa, direba kuwa ba ya ganin abin da ke faruwa a ciki.

Wannan ne ya sa wasu masu motoci ke ƙara agogunan awo a kan waɗanda kamfani ya sanya, wasu a saye su a kasuwa, wasu kuma ƴan uwa mazauna waje su aiko da su. Sai dai sayen agogo rabin aiki ne. Wurin da aka kafa shi ne ke nuna ko zai ceci inji, ko zai zama ado kawai, ko ma ya zama abin da zai ji wa direba ciwo ranar tsautsayi.

Me ya sa agogon kamfani bai wadatar ba?

Allurar zafin ruwa da ke tablon motoci da yawa ba ta faɗin gaskiya dalla-dalla. Kamfanoni na tsara ta ne yadda za ta tsaya cak a tsakiya ko da zafin ya ɗan hau ko ya sauka, don kada direba ya riƙa tayar da hankali a banza. Matsalar ita ce, sa'ad da ta fara motsawa zuwa ja, sau da yawa inji ya riga ya yi nisa. Haka ita ma jar fitilar man inji: ba ta kamawa sai matsin mai ya faɗi ƙasa warwas. Wato ba gargaɗi take yi ba, sanarwar ɓarna take yi.

Akwai kuma abin da tablon kamfani ba ya nunawa ko kaɗan, shi ne zafin hayaƙin da ke fita daga inji. A injin gazuwal, wannan shi ne ma'aunin da ya fi saurin tona asirin wahala. Idan an yi lodi fiye da kima, ko matatar iska ta toshe da ƙura, ko an buɗe fanfon mai don ƙara ƙarfi, zafin hayaƙi na iya tashi cikin daƙiƙoƙi kaɗan alhali allurar ruwa ba ta ko motsa ba. Fistan na injin gazuwal yawanci da alminiyam ake yin sa, shi kuwa alminiyam zalla yana narkewa a digiri 660. Mai da ruwa na sanyaya shi, shi ya sa yake jure hayaƙin da ya kai haka na ɗan lokaci, amma ba na dogon zango ba. Masu gyaran injin gazuwal galibi suna ɗaukar digiri 650 zuwa 700, idan an auna kafin turbo, a matsayin iyakar da bai kamata a daɗe a kanta ba.

Injin 1HZ mai silinda 6 da lita 4.2, wanda ke cikin Land Cruiser tun 1990, misali ne mai kyau. Daga kamfani ba shi da turbo, kuma an san shi da juriya. Amma idan aka ɗora masa turbo daga baya aka ƙara masa mai, zafin hayaƙi kan kai matakin da ke tsaga fistan. Duk wanda ya yi wa motarsa irin wannan gyara bai sa agogon hayaƙi ba, tuƙi yake yi ido a rufe.

A ƙasarmu, lalacewar mota ba asarar kuɗi kaɗai ba ce. Mutanen Kance da kewaye ba su manta da watan Oktoba na 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawarwakin mutum 92, akasarinsu mata da yara, a hamada arewa da Arlit bayan motocin da suka ɗauko su sun lalace. A inda babu ruwa babu inuwa, lafiyar inji ita ce lafiyar fasinja.

Ba kowane agogo ne ke buƙatar wuri na gaba ba

Kafin a ɗauko abin huda, a fara jera agogunan bisa saurin canzawarsu da kuma girman haɗarin da suke nunawa.

Na farko shi ne na zafin hayaƙi. Yana hawa da sauka tare da ƙafar direba, kuma maganinsa na nan take ne: a sassauta totur, ko a rage giya don inji ya ƙara juyawa ya shaƙi iska sosai. Shi ya cancanci wurin da ido ya fi saurin kaiwa.

Na biyu su ne zafin ruwa da matsin man inji. Ruwa a inji mai lafiya yakan tsaya tsakanin digiri 80 zuwa 95. Shi kuma mai, akwai tsohuwar ƙa'idar makanikai ta cewa a samu aƙalla kusan bar 0.7 a kan kowane juyi 1,000 na inji a minti. Waɗannan ba sa buƙatar kallo kowane lokaci, amma suna buƙatar ƙararrawa ko fitila mai jan hankali.

Na uku su ne matsin iskar turbo, ƙarfin batir, da zafin man giya ga mota mai giyar otomatik. Waɗannan na taimakawa wajen gano matsala kafin ta girma. Idan inji na aiki, agogon batir mai bolt 12 ya kamata ya nuna wajen 13.8 zuwa 14.4. Dubawa jefi-jefi ta isa, don haka za su iya zama a ƙasa kaɗan.

Dalilin wannan jeri lissafi ne mai sauƙi. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. Idan direba ya ɗauke ido na daƙiƙa 2 yana neman allura kusa da gwiwarsa, ya yi tafiyar mita 50 bai ga gabansa ba. A 2013 hukumar kiyaye haɗurra a kan hanyoyin Amurka ta ba kamfanonin mota shawarar kada wata na'ura ta cikin mota ta ɗauke idon direba fiye da daƙiƙa 2 a kallo ɗaya. A hanyar da jaki, amalanke ko ɗan kabu-kabu ke iya faɗowa ba sallama, mita 50 ba wasa ba ne.

Ginshiƙin gilashin gaba

Wannan shi ne wurin da ya fi farin jini, musamman a Amurka, inda masu manyan motocin Ford, Ram da Chevrolet ke jera agogo 2 ko 3 a kan ginshiƙin da ke gefen direba. Al'adar ta samo asali ne daga buƙata. Alal misali, motocin Dodge Ram masu injin Cummins na tsakiyar 1998 zuwa 2002 sun yi suna da mutuwar ƙaramin fanfon da ke turo mai daga tanki, abin da kan kashe babban fanfo mai tsada. Sai masu su suka koma sa agogon matsin gazuwal a gaban idonsu.

Amfanin ginshiƙi a fili yake: agogo na daidai da ido, direba na ganin allura da wutsiyar ido ba tare da ya sunkuya ba. Amma yana da illoli uku.

Ta farko, yana ƙara wa ginshiƙin kauri. Da ma can wannan kusurwa tana ɓoye mai babur ko mai tafiya a ƙasa idan za a sha kwana ta hagu. Ƙara mata gwangwanaye uku na faɗaɗa wurin da ba a gani, abin da ya fi muni a cikin gari kamar Maraɗi inda babura suka yi yawa.

Ta biyu, jakar iska ta kariya. Sababbin Hilux da yawa, musamman samfurin da ya fito daga 2015, suna da jakar da ke saukowa kamar labule daga gefen rufi, kuma ƙarshenta na bi ta cikin wannan ginshiƙi. Idan ka ga an rubuta SRS a jikin robar, to akwai ta. Jakar na fashewa cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa. Agogon da aka ɗaure da kusa a kan hanyarta zai iya hana ta buɗewa, ko ta cillo shi fuskar direba. Irin wannan mota ba a sa mata komai a ginshiƙi sai mazaunin da aka ƙera musamman don samfurinta, kuma waya ba za ta gitta ta gaban jakar ba.

Ta uku, mariƙin hannu. Motoci masu tsayi suna da shi a nan don hawa da kuma riƙewa a hanya mai gargada. Wasu mazaunan agogo sai an cire shi suke shiga. Mai bin hanyar daji ya yi tunani kafin ya sadaukar da shi.

Saman tablo

Nan ma ido na kaiwa da sauri, kuma kafawa ba ta da wuya. Abokin gabar wannan wuri rana ce. Wani bincike da masana na jami'ar jihar Arizona ta Amurka suka wallafa a 2018 ya gano cewa saman tablon motar da ta yi awa ɗaya a rana lokacin bazara yana kai kusan digiri 69. Duk wanda ya taɓa ɗora hannu a tablon motar da ta yini a tashar Tawa ya san wannan ba ƙari ba ne.

Zafi irin wannan na narkar da gam mai fuska biyu, yana lanƙwasa roba mai araha, yana kuma sa fuskar agogo mai lambobin lantarki ta yi baƙi har a kasa karantawa. Da dare kuma hasken agogo na faɗawa kan gilashin gaba ya zama inuwa a daidai inda direba ke kallo. Wanda ya zaɓi nan, ya nemi mazauni mai ƴar rumfa a sama, ya ɗaure da kusa maimakon gam, ya ajiye shi ƙasa-ƙasa yadda ba zai tare hanya ba. Sannan ya nisanci ɓangaren fasinja gaba ɗaya, don a nan jakar iska ta biyu take kwance.

Bayan sitiyari

Akwai mazaunin da ke hawa kan wuyan sitiyari, tsakanin direba da tablon kamfani. Yana cikin inuwa, ba ya tare gilashi, ido kuma ya saba kallon wurin. Ya dace da agogo ɗaya, ko biyu idan sun yi yawa. Abin lura shi ne kada ya rufe fitilun gargaɗi na kamfani, kamar ta birki, ta batir, da ta ruwa a matatar gazuwal. Wannan ta ƙarshe na da muhimmanci ga duk wanda ke shan mai a jarka wurin ƴan ruwa-ruwa. A kuma gwada ɗaga sitiyari sama da ƙasa a tabbatar waya ba ta tsinkewa ko maƙalewa.

Gurbin rediyo da tsakiyar tablo

Gurbin rediyo yana da ma'auni ɗaya a yawancin motoci, milimita 180 a faɗi da 50 a tsayi, kuma ana sayar da farantin da ke ɗaukar ƙananan agoguna 3 a wurin. Aikin kan fito tsaf kamar daga kamfani, ba rana, ba ya kuma jan idon ɓarawo kamar na ginshiƙi. Illarsa ita ce sai an juya kai. Don haka wurin agogon batir ne da na turbo da na man giya, ba na zafin hayaƙi ba. A nemi farantin da ya karkato wajen direba, domin allurar da ake kallo ta gefe tana yaudarar ido.

Wasu na cire bakin iskar kilim su cusa agogo a ramin. Yana da kyan gani, amma a ƙasar da zafi ke kai digiri 45, rasa bakin iska guda ba ƙaramar asara ba ce, kuma sanyin da ke bugun bayan agogo na iya sa gilashinsa ya yi raɓa.

Saman madubi da ƙasan tablo

Sama da madubin tsakiya akwai inuwa da fili, amma sai an ja waya mai tsawo, kuma kallon sama na ɗauke ido daga hanya kamar yadda kallon ƙasa ke yi. Shi kuwa ƙasan tablo, kusa da gwiwa, shi ne mafi sauƙin kafawa kuma mafi ƙarancin amfani. Ba a ganinsa sai an sunkuya, ƙura na taruwa a wurin, idan kuma aka yi karo ƙarfen da ke riƙe da shi gwiwa zai nufa.

Rabin aikin yana ƙarƙashin murfin inji

Agogo ba ya faɗin abin da ya wuce abin da ɗan ƙarfen awo, wanda makanikai ke kira sonda, ya aiko masa. Sondar hayaƙi ana iya sa ta kafin turbo ko bayansa, kuma bambancin na iya kai digiri 100 zuwa 200. Wanda aka sa masa a baya, ya ga 550 ya saki jiki, alhali a bakin silinda zafin ya kusa 700. Kafin turbo ya fi faɗin gaskiya, amma huda wurin na buƙatar kulawa: gara a kwance bututun a huda a waje, kada ɓarɓashin ƙarfe ya shige turbo ya ci fukafukansa. Wayar wannan sonda ta musamman ce, ba a yanke ta a ƙara da wayar lantarki ta gama-gari, domin awon zai karkace. Wannan ma na cikin abin da ke yanke hukuncin inda agogo zai zauna: a fara auna tsawon waya kafin a zaɓi wuri.

Sondar ruwa kuma tana da wata makanta. Idan tiyo ya fashe ruwa ya tsiyaye, sai ta koma auna iska, allura ta nuna komai lafiya alhali inji na ƙonewa. Maganin shi ne ƙara ƙararrawar raguwar ruwa, ko sondar da ake ɗaurewa a jikin kan inji, wato kilas, mai auna zafin ƙarfen kai tsaye.

Akwai agogon man inji da ke aiki da siririn tiyo mai kawo man har cikin mota. Idan ya fashe saboda gogayya, tafasasshen mai ne zai zubo wa direba a ƙafa, inji kuma ya rasa mai. Mai aiki da waya ya fi aminci. Gazuwal kuwa ba a shigo da shi cikin mota ta tiyo ko kaɗan. Sannan a sababbin injuna irin su 1GD, matsin mai a babban bututun allurai kan haura bar 1,500. Ba wurin da ake taɓawa ba ne, domin feshinsa na huda fata.

Duk wayar da za ta ratsa bangon da ke tsakanin inji da ɗakin direba, a bi da ita ta cikin zoben roba, a sa mata fis, a nisanta ta da bututun hayaƙi da fedar birki. Gargadar hanya na goge waya a jikin ƙarfe sannu a hankali, kuma daga nan gobarar mota kan fara. A haɗa hasken agogo da fitilun mota don ya dushe da dare.

Ga masu sababbin motoci, akwai hanyar da ba ta buƙatar huda. A ƙarƙashin sitiyari akwai soket mai baki 16 da ake kira OBD, inda kwamfutar mota ke fitar da bayanai. Ƙaramar na'ura guda, ko wayar salula da manhaja, na iya nuna zafin ruwa na gaskiya da matsin turbo da ƙarfin batir a fuska ɗaya. Amma ba ta nuna abin da kamfani bai sa wa sonda ba, kuma tsofaffin injuna masu fanfon hannu irin 1HZ ba su da kwamfutar da za ta ba da irin waɗannan bayanai.

Saƙo ga masu aikowa daga waje

Ɗan uwa da ke Amurka, Dubai ko Turai da ke son aiko wa na gida da wannan kaya, ya lura da abubuwa huɗu. Mazaunin ginshiƙi da aka ƙera a Ostireliya, Tailan, Japan ko Afirka ta Kudu galibi na motoci ne masu sitiyari a dama. A motarmu mai sitiyari a hagu ba zai zauna ba, ko ya zauna yana kallon fasinja. Agogunan Amurka kuma suna awo da Fahrenheit da psi: 1,250 a irin wannan agogo daidai yake da kusan digiri 677 a namu, bar 1 kuwa psi 14.5 ne. Direban da bai san haka ba zai firgita a banza, ko ya yi sakaci a inda bai kamata ba. Sai girman agogo: mafi yawa milimita 52 ne ko 60, kuma dole ya dace da ramin mazauni. Na ƙarshe, a tambayi ko motar mai bolt 12 ce ko 24, domin wasu tsofaffin Land Cruiser na gazuwal 24 suke amfani da shi.

Gwaji kafin huda

Hanya mafi arha ta guje wa da-na-sani ita ce gwaji. A yanka kwali daidai girman agogo, a liƙa shi a wurin da ake so, a yi tuƙi da shi kwana biyu, da rana da dare. Direba ya zauna yadda ya saba ya duba: yana ganin madubin gefe? Yana ganin mai babur a kwana? Sitiyari ko hannunsa na rufe wurin? Idan mutum biyu ke tuƙa motar, dogo da gajere, kowa ya gwada.

Akwai kuma dabarar da masu tseren mota suka daɗe suna yi: a juya agogo a cikin mazauninsa yadda allura za ta miƙe sama sak idan komai na daidai. Da kallo ɗaya za a gane wadda ta kauce, ba sai an karanta lamba ba.

Ga yawancin motocinmu, tsarin da ya fi dacewa bai wuce wannan ba: agogon hayaƙi ɗaya a bayan sitiyari, ko a ƙasan ginshiƙi idan babu jakar iska a ciki, ƙararrawar ruwa da ta mai masu ƙarar da ke rinjayar rugugin inji, sauran kuma a gurbin rediyo. Agogo biyu da direba ya san ma'anarsu sun fi biyar da ke walƙiya bai san abin da suke faɗa ba. Bayan an kafa, a yi mako guda ana lura da inda kowace allura ke tsayawa da lodi da kuma babu lodi, a kwalta da cikin rairayi, domin sai an san yadda inji yake a ranar lafiyarsa ake gane ranar da ya fara ciwo. Idan kuma an iso masauki bayan doguwar tafiya, a bar shi ya yi aiki a tsaye har allurar hayaƙi ta sauko wajen digiri 200 kafin a kashe, don kada mai ya ƙone a cikin turbo.